Kunnen Baba

Turancin da na fara ji da kunnena, ba wanda muke kwafa daga allo ba, a cikin wata tsohuwar waya na same shi. Ta hannu ce, Baba ya sayo ta a kasuwar Kankiya don ya riƙa sauraron tafsiri idan ciniki ya lafa. Mai awon hatsi ne, yini yake yi tsakanin buhunan gero da dawa, tiya a hannu. Da ya dawo gida ya miƙo mini wayar in nuna masa inda ake dannawa, sai muka tarar mai ita na farko ya bar wani fim a ciki. Ina dannawa wasu Turawa suka bayyana cikin fararen kaya masu kumburi, kowa ya kifa wata tukunyar gilashi a kansa.

"Goge abin ga," in ji Baba. "Ban sayi waya don kallon aljanu ba."

Na kai yatsa ke nan sai na lura duk abin da suka faɗa yana fitowa a rubuce a ƙasa, da Turanci. Lokacin ina aji huɗu a sakandare, shekarata goma sha shida. Littattafaina cike suke da Turanci, amma da wani zai tare ni a hanya ya tambaye ni ina ne tasha, sai dai in yi masa murmushi. Idan malami ya yi dogon bayani, kai kawai muke gyaɗawa kamar ƙadangaru. Na roƙi Baba ya bar mini fim ɗin, ga magana ga rubutunta, ko zan tsinci wani abu.

Ya kalle ni ya ce, "In kika kalle shi, za ki iya jin abin da likitoci ke cewa?"

Na ce wataƙila. Ni dai burina kada a goge.

"To ba a gogewa, uwata."

Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ba ya iya kama sunan da bakinsa. Ban riske ta ba, ta rasu saura 'yan watanni a haife ni, amma labarin rasuwarta na ji shi ya fi a ƙirga. An kwantar da ita a asibiti farkon damina, ana jiran ruwan shuka. Wata safiya likitoci biyu suka tsaya a kanta suka yi ta Turanci, sannan ɗaya ya juyo ya ce wa Baba da ƙanensa da sauƙi, a ci gaba da addu'a. An kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙa, sai suka ce tunda da sauƙi bari su koma gida su jefa iri su dawo da yamma. Suna gona ta cika, babu ɗa ko ɗaya a gabanta. Matar da ke jinya a gadon kusa ce ta laƙƙana mata kalmar shahada.

"Ba mutuwar ke ci mani rai ba," haka yake cewa kullum. "Kowa da ranarshi. Amma a gabana aka hwaɗa, ina tsaye kamar turmi. Da na ji, da na zamna."

Shi ya sa a ranar wayar nan ya kafa mini sharaɗi. "Ni kunnena na Hausa ne, sai ɗan Larabcin salla. Ke za ki zama kunnena na Turanci. Duk randa aka yi shi a kaina, mai daɗi ko marar daɗi, ki hwaɗa mani yadda aka hwaɗe shi. Kin ɗauka?"

Na ce na ɗauka. Da dutsen niƙa ya ce in ɗauka a ranar, da haka zan ce, hankalina yana kan waya.

Mu mutanen Ƙofa ne, ta ƙasar Kusada, kuma faɗa ne ya kawo mu Kankiya. Ina 'yar shekara takwas Baba da ƙanen nan nasa, wanda muke kira Baffa, suka saɓa a kan wata ɗorawa da ke kan iyakar gonakinsu na gado. Baffa ya sare mata reshe don tana yi wa geronsa inuwa. Reshe ɗaya tal. Baba mutum ne mai saurin hawa, ya tare shi a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, magana ta yi tsawo, har ya ɗaga yatsa a gaban jama'a ya ce, "In na riga ka mutuwa, ban yarda ka tsaya sahun sallata ba." Baffa ya sa takalminsa ya wuce. Ba a yi wata biyu ba Baba ya ba da gonarsa aro, ya kwashe mu muka bar garin.

Magana zarar bunu ce. Tun kafin mu gama sauke kaya a Kankiya Baba ya san ya yi ɓarna, kuma bai ɓoye mana ba. Duk shekara sai ya ce zai je Ƙofa ya tsaya a ƙofar masallacin nan ya janye maganarsa a inda ya yi ta. Da damina ya ce sai kaka, da kaka ya ce kasuwa ta buɗe sai ta lafa, da azumi ya ce bayan salla. Inna ta ce to ya aika mana. Ya ce abin da mutum ya zubar da bakinsa a gaban jama'a ba a aiken wani ya kwaso masa. Ina son Baba fiye da kowa a duniya, amma wajen taurin kai ko jaki sai ya sara masa. Shekara takwas muna jin zan je, zan je.

Fim ɗin labarin wasu mutum shida ne da aka tura wata duniya can bayan taurari su haƙa rijiya, wai ruwan tasu duniyar ya ƙare. Baba ya ce, "Duk rijiyoyin da ke ƙasar Kusada ba su gani ba, sai sun hau sama?" A jirginsu akwai wata na'ura mai muryar mace da ke sanar da su duk abin da ya lalace, kuma kullum sai wani abu ya lalace. Baba ya raɗa mata Hajiyar jirgi. Ya ce bai taɓa jin mai kawo mugun labari cikin kwanciyar hankali irinta ba.

Bayan la'asar muke zama, a gindin darbejiyar tsakar gida. In kunna, in tsayar, in kwafi kalma a bayan littafin lissafina, in duba ta a wani ƙaramin ƙamus da ɓeraye suka cinye wa bango, sannan in gaya wa Baba. Minti biyar na fim sai ya ci mana yamma guda. Caji ya ƙare a kai wayar shago, a dawo da ita gobe. Inna tana tankaɗe tana mita, wai an sayo waya don karatun malamai an ɓige da sauraron masu magana ta hanci. A haka na san oxygen ita ce iskar da ke riƙe da rai, na san damage da warning da repair. Kalmomin da ke bakin Hajiyar jirgi ke nan, ba ta san wasu ba. 'Yan ajinmu suna haddace sunayen 'ya'yan itatuwan da ba mu taɓa gani ba, ni ina tara kalmomin ɓarna da na gyara. Ran nan fankar ajinmu ta tsaya, na ɗaga hannu na yi wa malami bayanin lalacewarta da Turancin jirgi. Ya cire tabarau ya tambaye ni ko ubana injiniya ne. Da na kawo wa Baba labarin sai da ya yi kwana uku yana ba abokan kasuwarsa.

Da muka kai ƙarshen fim ɗin muka sake daga farko, sai Baba ya zo da tasa dabarar. Ya karɓi wayar ya kifa ta a kan tabarma, murya kawai ke fita.

"Mi ta ce?"

"Baba, ai sai na ga rubutun."

"Likita rubutu yake ratayawa a haɓarshi? Saurara da kunne."

Ranar farko har kuka na yi, don duk maganar ta koma mini kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Bai tausaya mini ba. In na faɗi abin da na ji, sai ya buɗe wayar ya ce in maido baya in karanta, in gaya masa tsakanina da Allah ko na dace. Shi ko harafi ɗaya na boko bai sani ba, da na ga dama sai in cuce shi. Ban taɓa ba, shi ma bai taɓa kawo wa ransa zan yi ba. Kafin wata shida ina iya bin fim ɗin daga farko har ƙarshe wayar tana kife.

Akwai wurin da Baba ya fi so a fim ɗin. Dattijon cikinsu, mai gyaran injin, ya shaƙi wata guba huhunsa ya lalace. Likitar jirgin ta duba shi, ta fito ta ja ƙofa, ta gaya wa shugabansu da murya ƙasa-ƙasa. A nan na koyi failing, wato abu ya gaza yana kan hanyar tsayawa. A nan na koyi too late, da a few days. Shugaban ya tura ƙofar ya shiga, ya zauna a bakin gadon ya gaya wa dattijon komai. Dattijon bai yi kuka ba, ya sa aka kawo masa sauran, ya ƙarar da 'yan kwanakinsa yana koya musu gyaran injin da ke ba su iska.

"Maido nan," in ji Baba, sai in maido. "Kin ga mutumen ga? Ban san addininshi ba, amma ya san haƙƙin mai tahiya."

Shekara ta zagayo, an gama girbi, ƙafafun Baba suka fara kumbura. Ya ce tsayuwar kasuwa ce. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka je kemis, kumburin ya hau har fuska, abinci ya daina zama a cikinsa, fitsari ya ɗauke. Ranar wata Litinin wani maƙwabcinmu ɗan acaɓa ya samo mana mota aka kai shi asibiti, aka ba shi gado, aka ɗebi jini. Ni da Inna muke jinya, yayyena maza biyu suna can kudu wurin ci-rani.

Talata da hantsi likita ya zo zagaye, shi da wani abokin aikinsa, da takardar gwaji a hannu. Suka gaisa da Baba da Hausa, suka tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Sai suka matsa ƙarshen gado suka juya harshe. Ina zaune a ƙasa kan tabarma ina fifita kunu, babu wanda ya kalle ni. Wa zai kalli yarinya mai hijabin islamiyya da ludayi a hannu? Ban ji duka ba, akwai kalmomin likitanci da suka fi ƙarfina. Amma na ji sunan ƙoda, wanda na sani tun a aji, na ji an ce duka biyun, na ji failing. Ɗaya ya kawo maganar kai shi Katsina, ɗayan ya girgiza kai ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya ce too late. Sannan a few days. Daidai yadda likitar jirgi ta faɗe su, har saukar da muryar. Ludayin ya tsaya a hannuna.

Likitan ya juyo ya ce wa Inna suna iya ƙoƙarinsu, a dage da addu'a. Ban ga laifinsa ba, a lokacin ko yanzu. Haka ake yi a wurinmu. Ba a gaya wa majinyaci zai tafi, ba a kuma tambayar jiki a ce ya yi tsanani. Mutum yana gargara za a ce maka da sauƙi, kai ma ka ce Allah ya ƙara sauƙi.

Suna fita Baba ya juyo da kansa. "Uwata, matso. Mi suka ce?"

Na ce bari in wanko kofi tukuna. Na ja Inna zuwa bakin famfo na gaya mata. Ban rufe baki ba ta buge shi da bayan hannu.

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Likita Allah ne? Turancin waya ne zai sa ki yi ma ubanki mugun baki? Kul na ji kin kai mashi maganar ga, ki kashe mashi zuciya tun kwananshi bai ƙare ba." Tana faɗa hawaye suna zuba, ta goge da gefen mayafi ta koma ciki.

Ba zan ɗora wa Inna ba. Da na so faɗa, marinta ba zai hana ni ba, na sha yin abin da ta hana. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Gani nake muddin ban furta ta da Hausa ba, maganar tana nan cikin Turanci, inda ake iya tsayarwa a maido baya. Har na fara lallashin kaina cewa wataƙila ban ji daidai ba, ni da Turancin fim ɗaya. Alhali na san na ji.

Na koma na tsuguna a gefen gado ina gyara masa zane don kada mu haɗa ido.

"Sun ce da sauƙi, Baba."

"Duk tsawon Turancin ga, da sauƙi kaɗai ke ciki?" Ya yi 'yar dariya da ta koma tari. "Lallai mutanen ga ba su san tsadar magana ba."

"Sun ce maganin sai ya ɗauki kwanaki."

"To alhamdu lillahi." Ya lumshe ido. "Ciwon ga ya yi mani wa'azi. In aka sallame ni, kahin in taka gida Ƙofa zan soma zuwa."

Da yamma ya ɗan samu ƙarfi, sai ya shiga yi wa mai gadon kusa alfahari, wani dattijo daga Kafinsoli da aka yi wa aiki a ciki. Ya ce masa shi ba a yi masa Turanci a ka, yana da kunne nasa na kansa, ga ta nan zaune. Dattijon ya ce to a ara masa kunnen gobe. Washegari da likita ya zo na saurara masa, na gaya masa an ce ɗinkin ya kama, jibi za a sallame shi. Ya yi ta sa mini albarka. Baba yana kwance yana murmushi da kumburarriyar fuskarsa, ni kuwa na ji na tsani kaina.

Larabar nan ce maƙwabcinmu ɗan acaɓa ya zo dubiya, ya kawo mana fura. Ya ce zai kai wani Kusada, ko ya biya Ƙofa ya shaida wa Baffa? Ba mu da lambar Baffa, ba mu ma san ko yana da waya ba. Inna ta ce ya kamata. Baba ya juyo ya dube ni. Idanunsa sun shige cikin kumburi, amma kallon nan ne na lokacin da yake kife waya a kan tabarma.

"Uwata, ke kika ji su. Akwai gaggawa?"

Mutum uku suna jirana. Ba sai na yi bayanin ƙoda ko na kwanaki ba, ba sai na kashe masa zuciya ba. Da na ce akwai, da saƙo ya tafi. Na yi shekaru ina juya wannan a raina, ban samo wa kaina uzuri ba. Ina ganin abin da ya riƙe ni shi ne, in na ce akwai, ƙaryar jiya ta tonu, zai san kunnensa ya ci amanarsa. Kunyar wannan ta fi mini komai nauyi a lokacin.

"Babu, Baba."

"To bar shi," ya ce wa maƙwabcin. "Kada a tayar mashi da hankali ya taho ya iske ni kwance, ya ce don na ga ciwo na neme shi. Da ƙahwata zan je."

Na juye furar na raka mutumin da kwanonsa har bakin ƙofar asibiti. Ina tsaye ya tayar da babur ya hau hanya. Ko a nan da na kira shi zai tsaya.

Alhamis Baba ya tashi da shaƙuwa wadda ba ta tsayawa. Yana barci yana farkawa, wani lokaci ya tambaye ni ko an ɗaure bakin buhuna, ko ya ce a kori awaki daga kan gero. Wajen azahar Inna ta fita alwala, sai ya buɗe ido tangaran ya gane ni. Na durƙusa na kai bakina kunnensa na gaya masa duka, yadda aka faɗa, kamar yadda na ɗauka: ƙoda biyu sun gaza, lokaci ya ƙure, kwanaki kaɗan suka rage. Na gaya masa ba yau aka faɗa ba.

Bai yi mini faɗa ba, ba shi da ƙarfin yi. Ya dube ni ya daɗe, irin kallon da yake yi wa tiyar da ya gano an buga mata gindi don ta rage awo. Leɓɓansa suka motsa, na kara kunne.

"A kira shi."

Na fita da gudu ba takalmi, na kira maƙwabcin da wayar nan tamu. Ya bar abin da yake yi ya tafi. Bai sami Baffa a gida ba, yana wata gona mai nisa wurin sussuka, sai da aka yi masa kwatance. Baba bai sake magana ba. Ba a fi awa ɗaya da tashin babur ba ya cika, Inna tana riƙe da kansa, ni ina laƙƙana masa kalmar shahada. Wannan kaɗai na iya yi masa daidai.

An kawo shi gida, an gama wanka ana sa likkafani, Baffa ya iso. Ƙaiƙayi ne duk a kansa da gemunsa, takalmi ƙafa ɗaya nasa, ɗaya na wani. Shekara tara ban gan shi ba, amma da ya shigo sai na ga tafiyar Baba ce sak. Aka buɗe masa fuskar, ya tsuguna ya daɗe, ya ce ya yafe masa duniya da lahira.

Da aka fito da makara aka ajiye a ƙofar gida, na laɓe a zaure ina leƙe ta tsagar ƙyaure. Mutane suka yi sahu. Baffa ya ja gefe ya tsaya jikin katangar maƙwabta, hannuwa a baya. Liman ya je ya same shi, ina jin su. Ya ce masa maganar fushi ba ta hana salla, haƙƙin ɗan'uwansa ne a kansa. Maƙwabcinmu ya ce ai shi da bakinsa ya ce a kira ka.

"Kira ya ce," in ji Baffa. "Ban san mi zai ce mani ba. Shi ya hana ni gaban mutane, bai kuma buɗe mani ba. Ba ni saɓa ma yayana yana kwance ba ya iya magana."

Taurin kan gidanmu ke nan, ba Baba kaɗai ya gada ba. Aka yi kabbara huɗu yana tsaye jikin katanga, hawaye suna bin ƙaiƙayin gemunsa. Da aka ɗaga makara shi ya fara sa kafaɗa, aka ce bai yarda an karɓe shi ba har maƙabarta.

Yanzu da Turanci nake ci nake sha, shi nake koyarwa. Idan ɗalibai suka tambaye ni inda na koya, sai in ce a wurin babana. Wayar ta mutu tuntuni, ban kai ta gyara ba, ban kuma sake neman fim ɗin ba, don na san duk abin da za a faɗa a cikinsa. Amma ranar da na fi tunawa ba ta fim ba ce, ba ta asibiti ba ce.

Kwana na uku da rasuwar ne, masu gaisuwa sun ragu, Baffa ya shigo cikin gida ya yi wa Inna ta'aziyya, sannan ya ce ina uwata. Shi ma haka yake kirana tun ina ƙarama, uwar tasu ɗaya ce. Na zo na durƙusa a gabansa a gindin darbejiya. Na gaya masa Baba ya yi shekaru yana cewa zai je ya janye maganar nan, ko a gadon asibiti ya faɗa, Ƙofa zai fara zuwa. Ya gyaɗa kai ya ce ya gode, ya dai so a ce daga bakinsa ya ji.

"An ce ke kika ji abin da likitoci suka ce, da Turanci."

"Ni ce, Baffa."

"Yaushe suka hwaɗa?"

Inna ta ɗago ta dube ni. Da na ce Alhamis babu mai ƙaryata ni, ita ma ba za ta yi ba.

"Talata, da hantsi."

Ya lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, Talata, Laraba, Alhamis. Ya zuba musu ido.

"Uwata, daga Ƙofa zuwa nan, ko da ƙahwa na taho ran Talata, da na iso kahin magariba."

Ya tashi ya sa takalminsa ya fita. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, a ranar ko bayanta. Duk kaka yana aiko mana da gero da kalwar ɗorawar nan, har yanzu kuma uwata yake kirana, ni kuwa in amsa.